Tsaga a Jikin Bishiyar Gida: Yadda Ake Gane Mai Rufewa da Mai Kayarwa

Yawancin mutane idan suka ga tsaga a gangar jikin bishiyar da ke tsakar gida, sai su ɗaga kai su dubi ganye. In sun gan shi kore shar, hankali ya kwanta. Amma ganye ba ya amsa tambayar da ta fi muhimmanci. Abin da yake nunawa shi ne ruwa da abinci suna zagayawa. Bai san komai ba game da ko gangar jikin za ta iya riƙe nauyin da ke kanta ranar da iska mai ƙarfi ta taso. Saboda haka tambayoyi biyu za ka riƙe daban-daban tun daga farko: shin bishiyar za ta rayu, kuma shin za ta tsaya? Akwai bishiyar da ke mutuwa amma tana nan daram, akwai kuma mai lafiyar ganye da ke jiran guguwa ɗaya.

Dalilin yana cikin yadda aka gina jikinta. Daga waje akwai ɓawo. Ƙarƙashinsa akwai wani shimfiɗi mai danshi da ke sauko da abincin da ganye ya haɗa zuwa saiwoyi. Bayansa sai wani siriri ƙwarai, bai kai milimita ɗaya ba, wanda shi ke haifar da sabon itace ta ciki da sabon ɓawo ta waje kowace shekara. Sai farin itace mai ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa sama. Can tsakiya kuma zuciyar itace ce, ba rai a cikinta, aikinta tallafi. Ka ga ke nan ran bishiya duk yana gefe-gefe. Tsakiya na iya ruɓewa ta zama kogo, ganye bai ko yi yaushi ba.

Abu na biyu da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki wuƙa: bishiya ba ta warkewa irin yadda fatar mutum ke warkewa. Alex Shigo, masanin cututtukan itatuwa a hukumar gandun daji ta Amurka, ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa da zarto daga sama zuwa ƙasa yana bin sawun ruɓa, kuma a 1977 aka wallafa bayanin da ya fitar. Abin da ya nuna shi ne, itacen da ya ji rauni ba ya komawa lafiyayye har abada. Bishiya killace wurin take yi ta ciki don kada ruɓa ta bazu, sannan ta gina sabon itace ta rufe shi ta waje. Duk binciken da za ka yi, a taƙaice, neman sanin wanda ke gaba ne tsakanin ruɓar da rufewar.

Fara daga nesa

Kada ka je ka manna ido a kan tsagar tukuna. Ja da baya har sai ka ga bishiyar gaba ɗayanta, ka zagaya ta. Dubi ko ta karkata, kuma karkatar ta dā ce ko sabuwa. Bishiyar da ta taso a karkace tana neman rana, galibi kanta yakan miƙe sama daga baya, kuma ta gina jikinta daidai da haka. Wadda ta karkata kwanan nan ita ce abin tsoro. Dubi kuma ko rassan can ƙoli sun bushe, ko ganyen gefe ɗaya ya fi na ɗayan ƙanƙanta da yaushi. Sau da yawa gefen da ke shan wahala a sama yana daidai da gefen da aka ji wa rauni a ƙasa.

Daga nan ka tambayi kanka: in ta faɗi, a kan me za ta faɗi? Ɗakin kwana, katangar maƙwabci, wayar lantarki, inda yara ke wasa, inda ake ajiye mota? Tsaga iri ɗaya hukuncinta ya bambanta. A ƙarshen fili inda ba kowa, kana iya zuba mata ido shekara da shekaru. A kan rufin ɗaki ba ka da wannan sararin.

Akwai alamomin da in ka gan su, binciken ya ƙare a nan: ƙasa ta ɗago ko ta tsattsage a gefen da bishiyar ta ba baya, saiwoyi sun fito a tsinke, tsaga tana buɗewa tana rufewa idan iska ta kaɗa, ko kana jin ƙarar itace na ƙas-ƙas. Ka janye mutane da dabbobi daga ƙarƙashinta, ka nemi wanda aikinsa ke nan. In reshe ya taɓa wayar wuta, kada ka kusanci ko gindin, kamfanin lantarki za a kira.

Gindi kafin ganga

Da yawa daga raunukan da ake gani a tsayin ƙirji, asalinsu a ƙasa yake. Lafiyayyar bishiya gindinta yakan buɗe ya yi faɗi inda saiwoyi suka fara rabuwa. Idan gangar ta shige ƙasa a miƙe ba wannan buɗewar, to an dasa ta da zurfi, ko an tara mata ƙasa ko shara a gindi daga baya. Ɓawon ganga ba a yi shi don zama cikin danshi kullum ba, ruɓewa yake yi. Sa hannu ko ƙaramin abu marar kaifi ka yaye ƙasar a hankali har ka ga inda saiwa ta farko ta fita.

A nan ne za ka iya cin karo da saiwar da ta naɗe gangar tana shaƙe ta, abin da ya yi yawa a bishiyoyin da suka daɗe cikin leda ko tukunya kafin a dasa su. Alamarta ta waje ita ce gefe ɗaya na gindin ya baje ba ƙwari ba tudu. Ka tuna kuma abin da aka yi a wurin cikin 'yan shekarun nan: haƙa rami na bututu, tushen gini, zuba siminti, ajiye manyan motoci. Galibin saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa nesa fiye da inuwarta. Ramin da aka haƙa kusa da ita yana iya datse su, illar kuma ba ta bayyana sai bayan shekara biyu, uku, ko fiye, lokacin an manta da ramin.

Tsagar kanta

Yanzu matso. Ka zo da tocila, dogon sukudireba ko siririn ƙarfe, tef na awo, da wuƙa mai kaifi. Abu huɗu kake nema: zurfi, inda ta dosa, yanayin leɓɓanta, da wurin da take.

Zurfi shi ne kan gaba. Zura sukudireban a hankali, ba da ƙarfi ba. Idan ya tsaya nan da nan a kan itace mai tauri, tsagar ta ɓawo ce kawai. In ya nutse santimita da yawa, ko ka ji laushi, ko ya fito da ɓurɓushi mai danshi, ta shiga itace. Bambancin nan babba ne: tsagar ɓawo batun lafiya ce, tsagar itace batun ƙarfi ce.

Wasu tsagogin ma ba ciwo ba ne. Gwaiba da turare sukan zubar da tsohon ɓawo ɓara-ɓara, sabo mai santsi na ƙasa. Darbejiya da mangwaro in sun manyanta ɓawonsu yakan yi kaushi ya tsattsage, halittarsu ce. Ƙaramar bishiya da ta samu ruwa sosai bayan dogon fari takan yi kauri da sauri har ɓawon ya dare a tsaye. Leƙa ciki da tocila: in ka ga sabon ɓawo mai haske, ba baƙi, ba wari, ba ruwa, ka ƙyale ta.

Sai inda tsagar ta dosa. Ta tsaye, mai bin tsawon ganga, ita ce aka fi gani, kuma guda ɗaya marar zurfi ba ta cika zama matsala ba. Amma in ka samu biyu a gefuna masu fuskantar juna, zargi cewa tsaga ɗaya ce ta ratsa gangar ta raba ta gida biyu, kowane rabi na gogar ɗan'uwansa idan iska ta kaɗa. Wadda ta fi kowacce muni ita ce ta kwance, wadda ta yanke gangar a gicciye. Zaren itace a tsaye yake tafiya, don haka kafin ya tsage a kwance sai da ya fara karyewa. Irin wannan ba a jira da ita, komai ƙanƙantarta.

Leɓɓan tsagar su ke gaya maka shekarunta da kuma ƙarfin bishiyar. Idan gefunan sun yi kumburi mai santsi, sun naɗo ciki suna neman haɗuwa, bishiyar na aikin rufewa, kuma yawan kaurin kumburin yawan kuzarinta. Idan gefunan kaifi ne, itacen ciki fari sabo, tsagar ta kwanan nan ce. Idan kuwa tsohuwa ce, ciki ya yi toka-toka ko baƙi, amma babu alamar kumburi ko kaɗan, bishiyar ba ta da ƙarfin kare kanta. Akwai kuma wani dogon tudu da kan fito a jikin ganga, mai tsini a tsawonsa. Wannan tsohuwar tsaga ce da ke rufewa tana sake buɗewa shekara bayan shekara. Mutane sukan ɗauka ta warke. Ƙarƙashin tudun tsagar na nan.

Wurin da take kuma shi ke nuna sanadi. Tsagar da ta faro daga mararrabar manyan rassa biyu masu kauri ɗaya ita ce ta fi yawan raba bishiya biyu. Dubi siffar mararrabar. Mai faɗi, irin harafin U, itacen ɓangarorin biyu ya saƙu da juna. Matsattsiya, irin harafin V, sau da yawa ɓawo ne ya maƙale a tsakani, rassan na jingine da juna ne kawai, kuma kowace shekara da suka ƙara kauri suna ƙara ture juna. In ka ga layi ya gangaro daga irin wannan mararraba, ko kumburi a gefunanta biyu, ko ruwa na tsiyaya daga ciki, rabuwar ta soma. Abin takaicin shi ne yanka ɗaya da almakashi lokacin bishiyar na ƙarama da ya hana wannan duka. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan ɓawon ya mutu a gefe ɗaya kawai, ya lotsa, ya bushe, sannan ya ɓare a doguwar faci, duba ko gefen da rana ke duka da yamma ne. Ƙunar rana ke nan, kuma ta fi kama ƙananan bishiyoyi masu siririn ɓawo, sabbin dashe, da waɗanda aka yi wa sassabe mai yawa aka fallasa gangarsu bayan ta saba da inuwa. A ƙasashen da ake ƙanƙara akwai 'yar'uwarta: rana ta ɗumama gangar da yini, dare ya yi, sanyi ya sauko farat ɗaya, waje ya tsuke kafin ciki, sai gangar ta dare a tsaye, wani lokaci da ƙara mai ƙarfi. A arewacin duniya an fi ganin wannan ta gefen kudu da kudu maso yamma.

Aradu kuwa sawunta ba ya ɓuya: doguwar tsaga daga ƙoli zuwa ƙasa, wani lokaci a murɗe, ɓawo ya tarwatse nesa da gindin, domin zafin ya tafasa ruwan cikin itacen nan take. Kada ka yi saurin yanke hukunci a kanta. Wata takan bushe cikin kwanaki, wata ta rayu da tabon, kuma barnar da aka yi wa saiwoyi ba a ganinta sai an ba ta watanni.

Sauran kuwa aikin hannunmu ne da na dabbobinmu: injin yankan ciyawa da ke dukan gindi, igiyar shanya ko waya da aka ɗaura aka manta har ta nutse cikin ɓawo, awaki da zomaye masu gwaguya, wutar shara da aka hura kusa, mota da ta goga. Waɗannan raunukan galibi ƙasa-ƙasa suke, kuma gefensu a yage.

Auna raunin

Ga raunin da ya cire ɓawo, faɗinsa ya fi tsawonsa muhimmanci, domin hanyoyin abinci a tsaye suke. Zagaya tef a gangar daidai wurin raunin, sannan ka auna faɗin inda ɓawon ya tafi. Misali, kewaye santimita 100, rauni santimita 20, wato kashi ɗaya cikin biyar. Abin da masu kula da itatuwa suka saba bi shi ne: ƙasa da kwata, lafiyayyar bishiya takan rufe, tsakanin kwata da rabi, za ta sha wahala, wasu rassa na iya mutuwa, fiye da rabi, da wuya ta koma daidai. In ɓawon ya tafi zagaye gaba ɗaya, abinci ya daina isa saiwa, ko da ganyen zai ci gaba da zama kore na wani lokaci.

Don sanin inda rai ya tsaya, kankare ɗan wuri kaɗan da bakin wuƙa a gefen raunin. Kore ko fari mai danshi, akwai rai. Ruwan ƙasa a bushe, ya mutu. Wuri biyu ko uku sun isa, kada ka mayar da gwajin wani sabon rauni.

Abin da ke fitowa daga ciki

Ƙaro kaɗan a bakin sabon rauni kariya ce. Amma a bishiyar lemo da danginta, ƙaro mai yawa daga gindi tare da ɓawo mai baƙi yana nuna ruɓar da danshin ƙasa ke kawowa, musamman inda ake ba da ruwa daidai jikin gangar. Ruwa mai tsami da wari da ke gangarowa ya bar dogon tabo, aikin ƙwayoyin bakteriya ne a cikin itacen. Ba shi da kyan gani, amma shi kaɗai ba ya cika kayar da bishiya.

Ƙananan ramuka da garin itace a bakinsu ko a tare a gindi, tsutsa ce mai huda itace. Ita da gara, galibi bishiyar da ta riga ta raunana suke samu. In ka ga gara ta yi rufin ƙasa a jikin ɓawo, kankare ka gani: a kan mataccen ɓawon waje kawai take, ko ta samu ƙofa zuwa ciki? Fesa magani ba tare da gano abin da ya raunana bishiyar ba, ɓarnar magani ce.

Wanda ya kamata ya tsayar da kai cak shi ne naman gwari, dangin laimar kwaɗi, da ya tsiro a jikin gangar ko a gindinta, musamman mai tauri da ke fitowa a kwance, samansa ja-ja ko ruwan ƙasa, wani lokaci da sheƙi, ƙasansa fari. Irin wanda masana ke kira Ganoderma yana cin gindi da manyan saiwoyi, wato daidai inda bishiya ke riƙe da ƙasa. Abin da ka gani a waje 'ya'ya ne kawai, uwar tana ciki ta daɗe tana ci. Cire shi ba ya rage komai, sai ma ya ɓatar da shaidar da ƙwararre zai so ya gani.

Ƙwanƙwasa, sannan ka yi lissafi

Ɗauki gudumar roba ko ta katako ka riƙa bugun gangar, daga gindi zuwa inda hannunka ya kai, kana zagayawa. Lafiyayyen itace amsawarsa gajera ce mai nauyi. Inda akwai kogo za ka ji amo irin na gangar kiɗa. Ɓawon da ya saki jikin itace shi ma yakan yi irin wannan amon, don haka danna wurin da hannu ka tabbatar. Yana taimakawa ka fara buga wata lafiyayya mai irin wannan jinsi don kunnenka ya samu ma'auni.

Kogo ba hukuncin kisa ba ne. Abin dubawa shi ne kaurin lafiyayyen itacen da ya rage a gefe. Claus Mattheck, masani daga Jamus, shi ya shahara da ma'aunin da ke cewa haɗari yana ƙaruwa sosai idan kaurin bangon ya gaza kusan kashi ɗaya cikin uku na nisan da ke tsakanin tsakiyar ganga da gefenta. A sauƙaƙe, santimita 1 na lafiyayyen itace ga kowane santimita 6 na faɗin ganga. Raba kewaye da 3.14 ka samu faɗi. Ganga mai kewayen santimita 188 faɗinta kusan 60 ne, tana bukatar bango na aƙalla santimita 10 a kowane gefe. In kogon yana da babbar ƙofa a buɗe, ana bukatar fiye da haka. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan ma'auni, domin tsawon bishiya da faɗin kanta da iskar da take sha duk suna canza lissafin. A ganina amfaninsa ga mai gida ɗaya ne: ya nuna maka lokacin da za ka daina dogara da idonka. Kuma kada ka huda gangar don ka auna, hudar tana fasa shingen da bishiyar ta gina. Ƙwararru suna da na'urorin da ke auna cikin itace da sauti ko da siririyar allura.

Abin da za ka yi, da wanda za ka bari

Idan tsagar ta ɓawo ce, ko rauni ne da bai kai kwata ba, aikin kaɗan ne. Goge wuƙa da sifirit, ka yanke ɓawon da ya saki ya mutu kawai, ka bar gefen sumul ba kusurwa, ba tare da ka shiga mai rai ba. In yanzu-yanzu ɓawon ya yage kuma yana da danshi, mayar da shi mazauninsa ka naɗe da ƙyalle, wani lokaci yakan kama. Ka duba bayan 'yan makonni ka kwance.

Kada ka shafa kwalta, baƙin mai, ko fentin mai a kan rauni. Gwaje-gwajen Shigo da na waɗanda suka biyo bayansa sun nuna shafe-shafen nan ba sa hana ruɓa, wasu ma danshi suke riƙewa. Kada ka cika kogo da siminti: bishiya tana lanƙwasa da iska, siminti ba ya yi, sai ya riƙa gurzar ta daga ciki, ga shi ranar da za a sare ta ya zama haɗari ga mai zarto. Kada ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen ciki har ka kai itace mai tauri. Kada kuma ka ɗaure ganga mai tsaga da sarƙa ko waya a zagaye, shaƙe ta za ka yi. Akwai hanyar tallafa wa mararraba da ƙarfe da igiyar ƙarfe, amma aikin masu sana'ar ne, kuma yana bukatar dubawa lokaci-lokaci.

Taimakon gaske a ƙasa ake yin sa. Ba da ruwa mai ratsa ƙasa jefi-jefi a lokacin fari, a ƙarƙashin bakin inuwa, ba a jikin gangar ba. Shimfiɗa busasshen ganye ko ɓarzajjen itace kaurin santimita 5 zuwa 10, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gangar. Wannan yana riƙe danshi, yana kuma nisanta injin ciyawa. Kwance duk igiya da waya. Ƙaramar bishiya mai fama da rana, farin fenti na ruwa da aka sirka rabi da rabi da ruwa yana kare lafiyayyen ɓawonta. Taki mai yawa ga bishiyar da ke jinya ba gata ba ne, yakan sa ta fitar da ganyen da saiwoyinta ba za su iya ciyarwa ba. In za ka rage rassa, kada ka wuce kwata na ganyenta a shekara ɗaya, kuma ka yanka gaba kaɗan da kumburin da ke gindin reshe, ka bar kumburin, kada ka share shi daidai da ganga.

Duk tsagar da ka yanke shawarar zuba wa ido, ka ba ta alama. Ɗiga fenti a ƙarshenta na sama da na ƙasa, auna faɗinta a wuri ɗaya da ka shaida, ɗauki hoto da tef ɗin a jiki, rubuta kwanan wata. Sake aunawa bayan wata uku, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi. In leɓɓan suna matsowa, bar ta ta ci gaba da aikinta. In tsagar ta wuce ɗigon fenti, ko ta ƙara buɗewa, ko naman gwari ya ɓullo, kai wa ƙwararren mai kula da itatuwa hotunan da awon, ka nemi ya zo ya gani da idonsa. In zai yiwu, wanda zai duba ya zama daban da wanda za a biya kuɗin sara.